Ɗan Almakashi a Gindin Matakala

Mai shara ce ta fara ganinsa, ranar Laraba da sassafe. Ta zagaya bayan ofishin kamfanin takalma na Sekar Tapak da tsintsiyarta, sai ga Pak Darmaji kwance a gindin matakalar ƙarfe, wuya a karye, takalmi ɗaya a ƙafa, ɗayan can gefe. Shi ne shugaban ofishin kula da ma'aikata, wato mai ɗauka da kora. A wurinmu Pak ake ce wa babban namiji, Bu babbar mace, tsara kuma Mas in namiji ne, Mbak in mace ce. Rumfata ta shinkafa da shayi tana kallon ƙofar kamfanin, don haka ihun ya same ni ina tsaka da suya. Kafin mai ya huce labari ya kai tsakiyar birnin Semarang.

Ban ga wanda ya yi kuka ba. Na dai ga masu sunkuyar da kai don kada a ga fuskarsu.

Sufeto Marsudi aka turo. Dogo ne siriri, ya kusa ritaya, yana rina gashin baki yana zaton ba mu sani ba. 'Ya'yansa biyar duk mata, shi ya sa ba ya saurin magana, gida ya koya masa jira. Ya zo da wani saje mai tumbi wanda aikinsa riƙe jaka da yarda da duk abin da babba ya faɗa.

Likitan 'yan sanda ya ce tun jiya wajen magariba mutumin ya mutu, kuma daga sama ya faɗo da baya. Mai zamewa ba ya faɗowa haka. Sufeto ya durƙusa ya buɗe hannun gawar. A cikin tafin akwai ɗan ƙaramin almakashi mai naɗewa, bai kai tsawon yatsa ba, an sarƙafe shi da fil. Fil ɗin ya lanƙwashe, da 'yar ƙyalle fara a jikinsa.

Saje ya leƙa ya ce ai nan kamfanin takalma ne, almakashi ya fi mutane yawa.

"Da wannan za ka yanka fata?" in ji Sufeto.

Saje ya ce a'a, gaskiya ba da wannan ba. Sufeto ya sa shi a leda, ya hau sama.

Ofishin marigayin tsaf yake, ba alamar kokawa. A kan tebur akwai kwalin abinci a buɗe: shinkafa an ci rabi, ɓawon ƙwai, taliya, da wainar apem guda biyu, an gatsa ɗaya. Sufeto ya daɗe yana kallon wainar. Kowa ya san ba a saka apem a kwali sai in sadakar mamaci ce. Ya tambayi mai shara ko an yi wa Pak Darmaji rasuwa kwanan nan. Ta ce ita dai ba ta ji ba, kuma da an yi da an tara musu kuɗin gaisuwa dole.

Daga nan aka kai shi wurin darakta, Pak Handoyo, mai ƙamshin turare da agogo mai nauyi. A gefensa ga Bu Retnani, mataimakiyar marigayin, farar mace mai sanyin murya, cikin rigar ofis mai faɗi. Ita ce mai kula da Suruka.

Suruka sunan da ma'aikata suka sa wa na'urar da kamfani ya sayo daga waje, wadda aka ce tana tunani da kanta. Idanunta suna ko'ina a rufin masana'anta. Tana ganin saurin hannunka, tana ganin sau nawa ka shiga bayi, tana karanta fuskarka ta ce ranka a ɓace yake ko a'a. Fuskarka ce ke buɗe maka ƙofa da safe. Ranar da ta gaji da kai, saƙo zai shigo wayarka, gobe ka tsaya gaban ƙofa ta yi kamar ba ta taɓa ganinka ba. In ka je ofis ka yi kuka, amsa ɗaya ce: ba mu ba ne, na'ura ce. Tana ganin komai, ba a taɓa burge ta, ba a kuma kai ƙararta. Wane suna za a sa mata in ba wannan ba?

Pak Handoyo ya ce kada Sufeto ya wahalar da kansa, an riga an gano mai laifi. Tun da safe Bu Retnani ta tambayi na'ura wa ya fi kowa riƙe marigayin a zuci, ta ba da suna nan take: Warsito, makanikin kekunan ɗinki, wanda aka sallama makon jiya.

Aka kunna masa hoto a allo. Ga Warsito zaune gaban Pak Darmaji ana gaya masa aikinsa ya ƙare, yana ta murmushi yana gyaɗa kai. A ƙasan hoton na'ura ta rubuta cewa wannan ɓoyayyar ƙiyayya ce, mutum mai haɗari. Aka kunna na biyu. Ga shi jiya da yamma a bakin ƙofa, da leda a hannu, ya miƙa fuska ƙofa ta ƙi shi, ya yi murmushi, ya bi jikin katanga ya yi bayan ginin.

"Ina hoton matakalar baya?" Sufeto ya tambaya.

Darakta ya ce babu kyamara a can. Ƙofar manya ce, shi da marigayin ke bi.

"Manya ba sa son a gan su?"

Darakta ya yi dariya ba tare da haƙoransa sun rabu ba.

Sufeto ya juya ga Bu Retnani ya tambaye ta yaushe ta bar ofis. Ta ce da aka tashi aiki ta fita tare da kowa, ta wuce gida kai tsaye, na'ura ma shaida ce. Ta nuna masa, ga ta kuwa tana fita. Game da kwalin abinci ta ce ba ta san komai ba. Ana cikin haka darakta ya kunna sigarinsa mai kanumfari, ita kuma ta nemi izini ta fita da sauri, wai za ta amsa waya. Wayar tana kan tebur.

Kafin azahar Warsito yana bayan kanta. Darakta ya kira wani babba, babban ya kira wani, aka gaya wa Sufeto ana so a rufe maganar kafin Juma'a, masu sayen takalma daga waje ba sa son jin gawa a kamfani. In aka rufe ta a haka, Warsito ba zai sake ganin titi ba sai da furfura.

Sufeto ya same shi zaune a ƙasa, hannuwa tsakanin gwiwoyi. Ɗan gajere ne, farcensa baƙi da man inji. Da ya ga ɗan sanda sai ya yi murmushi, irin dai na cikin hoton. Sufeto ya san wannan murmushin. Da shi ubansa ya gaya masa uwarsa ta rasu. Da shi mutanenmu ke karɓar zagi daga babba, don kada su ɗora masa nauyin ɓacin ransu. Waɗanda suka ƙera Suruka ba su taɓa zama da mu ba.

"Ina kake jiya da yamma, Mas Warsito?"

"Ina gida, Pak."

"Ba ka fita ba?"

"Ban fita ba."

"To wa ya ari fuskarka ya kai ta ƙofar kamfani?"

Murmushin ya ƙara faɗi, idanu suka cika.

"Wa ya rasu a gidanka?"

Nan ya ɗago. Ya ce ɗansu ne, an haife shi ba rai, jiya aka yi sadakar bakwai. Da aka raba kwalaye ga maƙwabta sai ya ɓoye ɗaya, ya hau babur ya kawo wa Pak Darmaji. Yana ganin in mutum ya ci abincin sadakar ɗanka, zai yi wuya ya kalle ka ya ce babu aiki. Ƙofa ta ƙi shi, sai ya bar kwalin a ɗakin maigadi, ya zagaya inda ya ajiye babur ya tafi.

"Me ya hana ka faɗa tun farko?"

"Matata ba ta sani ba, Pak. In ta ji na kai abincin yaron wurin mutumin nan, gara ku bar ni a nan."

Sufeto ya nuna masa almakashin. Warsito ya kalle shi, ya kau da kai, ya ce a tambayi matarsa Lasminah, shi ba ya iya maganar.

Gidansu ɗaki biyu ne a wani lungu bayan kasuwar kifi, tabarmin sadaka ba a gama naɗewa ba. Lasminah tana zaune a bakin gado, jikinta bai dawo ba. Uwar mijinta tana tsakar gida tana wanke tukwane da ƙarfi, irin wankin da ake yi don wani ya ji.

Sufeto ya ajiye ledar a gabanta ya tambaya ko nata ne. Ta ce a'a. Ta jawo wani gwangwanin biskit daga ƙarƙashin gado ta ciro nata, iri ɗaya sak, sai dai nata ya fara tsatsa.

Shi kansa ya saya wa matarsa irinsa sau biyar, ba sai an gaya masa amfaninsa ba. Mai ciki ba ta fita ba tare da ɗan ƙarfe mai kaifi maƙale a rigar ciki ba, don iskokai su ba ta hanya. Kuma ba ta faɗin tana da ciki sai ya cika wata huɗu an yi addu'a. Abin da bai sani ba shi ne abin da ya haɗa almakashi da kora.

Lasminah ta ce a ƙofar ma'aikata akwai abin da ke ƙara in ka ratsa da ƙarfe, saboda masu satar kayan aiki. Masu gadi sun san almakashin masu ciki, sai su ɗaga hannu a wuce. Amma Suruka ba ta mantuwa. Ta lura duk macen da ƙofa ta fara yi wa ƙara kullum, bayan 'yan watanni za ta tafi hutun haihuwa ana biyanta tana kwance. Ba wanda ya koya mata, ita ta haɗa da kanta. Sai ta fara sallamar su tun kafin su buɗe baki, ta ce hannunsu ya yi sanyi. Doka ta hana korar mai ciki, to amma ai ba wanda ya san suna da ciki. A layin ɗinkinsu kaɗai mata da yawa sun tafi haka.

"Ke wa ya gaya miki?"

"Bu Retnani. A bayi ta tare ni, ta ce, 'Mbak, in kina son aikinki ki cire abin da ke jikinki.' Na cire. Ashe Suruka ta riga ta gan ni."

Aiki ya tafi, inshorar lafiya ta bi shi. Ta Warsito ba ta haɗa da ita ba, don kamfani ya ce kowa da tasa. Da naƙuda ta zo da gardama suka tsaya lissafin asibiti, suka makara. Shi kuma ya yi kwanaki bai je aiki ba saboda jana'iza, da ya koma hannunsa ya yi sanyi, Suruka ta gani.

Daga tsakar gida tsohuwar ta ɗaga murya, ba ta kalli kowa ba, ta ce ita dai ta haifi tara ba ta taɓa cire nata ba, kuma duk tara suna nan suna cin shinkafa.

Lasminah ta yi murmushi ta rufe gwangwanin.

A hanyar komawa Saje ya ce to ke nan wata daga cikin matan da aka kora ce, sai a bi su gida gida. Sufeto ya ce waɗanda aka kora ƙofa ba ta san su ba, kuma ba su da makullin matakalar manya. Saje ya ce haka ne kuwa, shi ma abin da yake shirin faɗa ke nan.

Maigadin da ya yi aikin yammacin Talata sunansa Tukiran, tsoho mai haƙori uku. Sufeto ya kawo shi rumfata ya saya masa shayi, ni kuma na ga kwanukan da ke kusa da teburinsu suna buƙatar gogewa.

Da farko tsohon ya ce bai ga Warsito ba. Sai ya ce ya gan shi amma bai karɓi komai ba. Sai ya ce ya karɓa amma ya manta inda ya kai.

"Kai ka hau da shi sama?"

"Ni? Ban taɓa taka matakalar nan ba, Pak. Takalmina ma ba zai yarda ba."

"To kwali ya yi ƙafa?"

Tukiran ya waiga ya kalli ƙofar kamfani. Ya ce kwantiraginsa wata uku uku ake sabuntawa, kuma ya san hannun da ke dannawa. Sufeto ya ce shi ma ya san mutumin da zai tsufa a kurkuku saboda kwalin shinkafa. Tsohon ya juya cokali a shayi har na ɗauka zai huda kofin.

Ya ce Bu Retnani ce. Ta fito da aka tashi, ta tsaya a waje ba ta hau mota ba, tana ta kai da kawo har mutane suka watse. Da ta ga kwalin ta tambaya na wa ne, ya gaya mata Warsito ne ya kawo wa Pak Darmaji, ta ce ya kawo ta kai masa, dama tana da magana da shi. Ta zagaya ta baya. Tana da makulli. Shi kuma ya tafi sallah, bai ga fitowarta ba.

"Ƙofa tana yi mata ƙara?"

Tukiran ya ce a da ma'aikatan ofis ta gefe suke shiga. Bayan ƙaramar sallah darakta ya ce kowa ya bi ta gaban Suruka, ban da shi da marigayin. Ba a daɗe ba ƙofa ta fara yi wa Bu Retnani ƙara kullum. Tana cewa makullai ne. Shi kuma yana ɗaga hannu.

Ni da nake gane mai ciki daga yadda take kallon ɗanyen mangwaro, wannan ta wuce ni. Ta daina zuwa rumfata, na ɗauka girman kai ne.

Da la'asar Sufeto ya same ta ita kaɗai a ofis, allon Suruka yana haske a gabanta, ɗaruruwan kawuna sunkuye a kan kekuna. Ya zauna ba a ba shi kujera ba. Ya ce ta sake gaya masa inda ta nufa bayan ta fita jiya. Ta maimaita, kalma ba ta canza ba. Ya ce Tukiran ya tuna da kwalin. Ta ce Tukiran tsoho ne, yana rikicewa.

Sai ya ciro ledar ya ajiye a kan tebur.

Hannunta ya tafi ƙirjinta kafin ta hana shi.

"Wata nawa, Bu?"

Ta daɗe tana kallon almakashin. "Uku," in ji ta. "Ko mijina bai gaya wa danginsa ba."

Daga nan ba sai ya yi tambaya ba. Ta ce tun aurenta take jira, ta sha magani na asibiti da na gida, ta sha habaici a kowane biki. Ta fi kowa sanin abin da ƙofa ke yi da ƙarar nan, ita ta fara lura, ta kai wa Pak Darmaji da darakta. Suka ce ba su ga inda aka rubuta ciki ba, na'ura dai ta ce hannu ya yi sanyi, kuma kuɗin hutun haihuwa ya ragu sosai a bana. Sai ta koma tana tare mata a bayi.

"Na ce wa mata da yawa su cire, Pak. Da ya zo kaina na kasa. Kullum da safe sai in kama fil ɗin, in sake shi."

Ranar Litinin, tana duba waɗanda Suruka ta ware na ƙarshen wata, ta ga fuskarta. Ita ba ta da ikon cirewa, sai shugaba. Shi ya sa ta jira kowa ya watse ranar Talata.

Ta ce ta ajiye masa kwalin, ta gaya masa daga gidan wa ya fito. Ya buɗe ya fara ci. Ta gaya masa tana da ciki, shi ne mutum na farko a waje da ya ji. Ya taya ta murna da baki cike. Ya ce amma in ya cire ta, gobe kowa zai zo da nasa labarin, kuma masu na'ura za su ga an taɓa. Ta durƙusa masa. Ta tuna masa shekarun da ta yi tana gaya wa mutane abin da shi ba ya son faɗa da bakinsa. Ya gatsa apem, ya goge hannu, ya ɗauki jakarsa.

"Me ya ce miki?"

"Ya ce, 'Ba ni ba ne, Bu, na'ura ce.' Har yadda nake karya murya in na faɗa, haka ya yi."

Ta bi shi har kan matakala ta riƙe hannun rigarsa. Ya fizge, gwiwar hannunsa ta nufo cikinta. Ta ce ba ta san ko ya yi niyya ba, har yanzu ba ta sani ba. Ta dai tura shi da hannu biyu. Ya kai hannu ya cafki gaban rigarta, abin da ya samu ke nan ya tafi da shi.

Sufeto ya ce wannan alƙali zai duba, wataƙila ma ya sassauta. Amma akwai abin da ya faru da safe.

"Kin san Warsito bai shiga ginin nan ba. Abincin sadakar ɗansa ne a hannunki."

"Tambaya kawai na yi. Ita ta ba da suna."

"Kin san sunan da za ta bayar?"

Ta kalli allon. Ta ce ta sani.

Ya kira Saje. Ya ce a bar ankwa a jaka, ba inda za ta gudu. Da ta miƙe sai ta miƙa hannu wajen ledar, ta ce ya taimaka ya ba ta, tun jiya take jin kanta tsirara. Ya ce ba zai iya ba, shaida ce, sai an gama shari'a. Ta ce kafin a gama shari'a ai ta haihu ko ta rasa. Ya mayar da ledar jaka.

Pak Handoyo ya tare su a barandar ƙasa, ya ce abin takaici ne, bai taɓa zaton haka daga gare ta ba. Sufeto ya tambaye shi matan da aka kora da ciki fa, wa zai amsa wannan. Darakta ya ce kamfani bai taɓa korar mace don tana da ciki ba, yana da lauyoyi da za su nuna haka, in kuma akwai kuskure to na masu ƙera na'ura ne, suna wata ƙasa. Ya tambaya ko Sufeto yana da takardar kama na'ura. Ba shi da ita.

Aka fito da ita ta ƙofar ma'aikata daidai lokacin tashi. Ƙofa ta gane fuskarta ta buɗe, ba ta yi ƙara ba. Mata suka dare gida biyu.

A ofishin 'yan sanda suka tarar da Lasminah zaune a benci, ta zo tafiya da mijinta. Wanda ya gani ya ce min Bu Retnani ta tsaya cak. Lasminah ta tashi a hankali, ta kwance bakin gyalenta, ta ciro ɗan almakashinta mai tsatsa, ta kama hannun Bu Retnani ta sa mata.

"Riƙe, Bu," in ji ta. "Ni an ce in cire."

Ta juya ta kama hannun Warsito suka fita. Ba ta tambaye shi maganar kwalin ba, har yau kuma ban ji ta tambaya ba.

Bu Retnani ta damƙe shi har bakin kantar karɓar kaya. A nan 'yar sandan da ke karɓar kaya ta ce ta buɗe hannu. Ba a shiga da abu mai kaifi. Ta roƙa, ta kalli Sufeto. 'Yar sandan ta ce ba ita ba ce, doka ce. Aka jefa shi a aljihun tebur tare da makullai da 'yan kunne, aka wuce da ita ciki.

Warsito ya koma kamfani ya nemi aikinsa, tunda an wanke shi. Sabon shugaban ofis ya duba allo ya ce na'ura ba ta ɗaukar wanda ya taɓa shiga hannun 'yan sanda. Warsito ya yi murmushi ya gode. Yanzu faci yake yi a bakin titi.

Ni kuwa an ƙara min aiki ba albashi. Akwai wani kwano a ƙarƙashin teburina, da safe mata su zo kamar sayen shayi, su zura hannu cikin riga, in ji ƙarar ƙarfe a kwano. Su shiga su yini ba komai a jikinsu, da yamma kowa ta ɗauki nata. Ban gaya wa kowa sunayensu ba, kuma Allah ya san wannan ya fi azumi wuya a wurina.

Ƙofa ta daina ƙara. Amma ƙarshen watan jiya an sallami uku, kuma duk ukun nasu yana cikin kwanona.